Birkin da Ya Ƙi Saki a Bakin Gona

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar mu da rai har muka ga juna yau.

Yawancinku kun san ni. Ni ne Istifanus, wanda ake kira Baba Direba. Da tuƙi na ci abinci, da shi na yi wa 'ya'yana makaranta, har na yi ritaya na koma noma. Ba na shan giya, ba na caca. Ciwona ɗaya ne: ban yarda wani ya fi ni sanin mota ba.

Bara 'yata Na'omi, mai aiki a Abuja, ta kawo mini mota irin ta zamani. Na leƙa tsakanin kujeru ban ga sandar birkin hannu ba, sai wani ɗan maɓalli da bai fi babban yatsa ba. Ta ce, “Baba, zauna in nuna maka yadda yake aiki.” Na ce, “Ke da na kai ki makaranta a bayan akori-kura, yau ke za ki koya mini birki?” Ta miƙo mini makulli. Ni kuwa ban taɓa maɓallin nan ba. Ina shiga, in rufe ƙofa, in ɗaura bel, in sa giya, mota ta tafi. In na tsaya in sa mata dutse a bayan taya kamar yadda na saba.

Ana tsakiyar damina muka tafi gonarmu ta hanyar Panda, ni da matata. Da hantsi tana cire ciyawa a cikin gyaɗa, sai na ji ta ce, “Baban Na'omi, wani abu ya sare ni.” Kububuwa ce. Na ga wutsiyarta tana shigewa ƙarƙashin kunya.

Malam Buba, wani Bafulatani da ke kiwo kusa da mu, shi ya rugo. Ya ce kada a bar ta ta taka ƙasa. Muka ɗauke ta muka kwantar a kujerar baya. Na cire dutsen, na faɗa mazaunin direba, ƙofa a buɗe, ban bi ta kan bel ba. Na tayar, na sa giya, na taka totur.

Mota ta yi gurnani ta ƙi motsi. Wata jar fitila na ta haske a gabana.

Nan na tuna da maɓallin. Duk tsohon direba ya san yadda ake sakin birkin hannu: sai ka ɗan ja shi sama tukuna. Haka na yi. Na ja, na ji ƙara daga baya, na taka totur, babu. Na sake ja. Buba ya sa kafaɗa yana turawa har takalminsa ya nutse a laka. Ya ce, “Baba Direba, wannan ai ta fi bijimina taurin kai. Ka tabbata ka iya ta?” Na ce masa ya yi turi ya bar magana.

Na waiga. Ƙafar ta fara kumbura, jini na tsattsafowa daga wurin saran bai tsaya ba. Babu babur, babu kowa a hanyar. Na buɗe but na ɗauko sifana, wai zan kwance tayar baya in saki birkin da hannuna. Aikin da zai ci awa guda ke nan, in ma ya yiwu.

Matata ta ce, a hankali, “Kira yarinyar nan.”

Ina faɗa muku gaskiya a gaban Allah, na tsaya ina tunani. Matata na kwance da dafi a jikinta, ni kuma ina jin nauyin in kira 'yar cikina in ce ban iya ba. Ku ga inda girman kai ya kai ni!

Na ajiye sifanar, na durƙusa a jikin motar. Addu'ar ba ta da tsawo. Na ce, “Ya Ubangiji Yesu, ban sani ba. Ka karya wuyan nan nawa, ka bar mini matata.” Na tashi na ɗauko waya. Na kira Na'omi, a wurin da sau da yawa waya ba ta shiga, ta shiga a bugu ɗaya.

Ta ce, “Baba, me ka yi wa maɓallin?”

Na ce, “Na ja shi.”

“Sau nawa?”

“Ya fi goma.”

“Wayyo Baba, ai ƙara ɗaure shi kake yi! Ja ɗaurewa ne. Rufe ƙofa, sa bel. Taka birkin ƙafa sosai, kada ka ɗaga. Yanzu danna shi ƙasa.”

Na danna. Na ji ɗan ƙara a tayoyin baya, jar fitilar ta mutu. Ashe duk watannin nan motar ce ke ɗaure kanta in na kashe ta, ta kuma saki kanta in ta ga ƙofa a rufe da bel a ɗaure. Ranar da na yi gaggawa na bar su, ita ma ta riƙe.

Buba ya shiga baya ya tallafe ƙafar. Muka iso asibiti a Keffi, aka samu maganin dafin, aka ɗaura mata. Ta yi kwanaki a kwance. Likita ya ce mini mun zo a kan gaɓa.

Da Na'omi ta zo, na roƙe ta gafara a gaban uwarta. Sannan na zaunar da ita a motar ta bi da ni kan kowane maɓalli, ina rubutawa da ajami a bayan katin asibiti, don shi hannuna ya fi saurin rubutawa. Har da abin da za a yi in batir ya yi sanyi, domin ta ce birkin nan ba ya saki sai da wuta.

Ban zo in ce mota ta yi laifi ba. Ni ne na kusa kashe matata da “na sani”. Allah ya cece ta daga dafi, ni kuma ya cece ni daga wannan. In akwai mai irin ciwona a cikinku, kada ya jira sai an kwantar da nasa a kujerar baya. Ku dogara ga Ubangiji, ku kuma saurari wanda ya aiko muku, ko da ku kuka haife shi.

Maman Na'omi, tashi su gan ki. Ga ta nan, da ƙafafunta biyu ta shigo. Godiya ta tabbata ga Yesu. Amin.