Shagon da Ya Yi Shiru

A tashar Jabi, wata mata ta rungume farantin sola, wani dattijo a gefenta yana ta kallonsa.

"'Yata, kada ki rabu da wannan ko da wasa."

"Baba, yau fa na saya."

"Na taɓa sa irinsa a shagon askina a Kuje. Ba ya yin ƙara, sai kwastomomi suka ɗauka ba ni da wuta. Na musanya shi da janareta don a ji ni."

"Aka ji ka?"

"Har bakin titi. Sai aka cire tallafin mai."

"To, yanzu fa?"

Ya jima yana shafa gefen farantin.

"Yanzu in sun ji shiru, ba su yi kuskure ba."