Kwanon Rufin Hajiya a Kan Ɗakina

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta zauna tare da ku, 'yan'uwa. Fasto, dattawa, iyayena mata na zumunta, na gode da kuka ba ni wannan ɗan lokaci. Yabo ga Ubangiji!

Ga baƙin da ba su san ni ba, sunana Danjuma, a unguwa Baban Rahila ake ce mini. Shekara ashirin da takwas na yi ina tuƙa motar asibiti kafin in ajiye aiki, kuma shekarata tara ke nan ina zama a wancan benci na dattawa. Na san wasunku sun ɗauka na tashi ne in gode wa Allah da guguwa ba ta kashe ni ba. Zan gode. Amma akwai abin da ya fi guguwar muni wanda Allah ya tsamo ni daga ciki, kuma da hannuna na jefa kaina.

Kun tuna ranar Alhamis ɗin nan da hadarin farko ya taso daga gabas. La'asar ce, ina ƙofar gida ina wanke babur. Kafin in shigar da shi, sama ta yi ja, iska ta fara kwasar kujeru da bokitai tana yawo da su. Ni da matata, Maman Rahila, muka tsaya a bakin ƙofar ɗaki muka riƙe juna, tana kiran sunan Yesu, ni kuwa ko bakin kira ban samu ba. Sai muka ji ƙara, ƙusoshi suna kuka, haske ya shigo ta sama. Rufin ɗakuna biyu ya tashi gaba ɗaya, muna tsaye muna kallo!

Gidan nan da ƙarfina na gina shi, bulo bayan bulo. Da ruwa ya tsaya na zaga ina kallon katifa tana iyo, sai na ji zuciyata ta bushe. Ban ce na gode da ka bar mu da rai ba. Abin da ya zo bakina shi ne, Ubangiji, duk hidimar da nake maka, sakamakona ke nan?

Da na zaga bayan gida, sai ga kwanon rufi ya kwanta a kan turken awakina. Guda goma sha ɗaya, masu kauri, koraye, ko lanƙwasa ba su yi ba. Nawa kuwa farare ne marasa kauri, iska ta dunƙule su kamar takardar ƙosai ta watsar a kwalbati.

'Yan'uwa, ba zan yi muku ƙarya a gaban bagade ba. Na san na wane ne. A duk layinmu gida ɗaya ke da koren rufi, gidan Hajiya Zulai maƙwabciyata, wadda yara ke kira 'Yar Madina.

Bari in gaya muku ko wace ce. Tun tana amarya suka tafi Saudiyya da mijinta, suka zauna a Madina, a wata unguwa da take kira Harra ta Gabas. Shi tela ne, yana da shago a titin Sultana, ita kuma tana dafa wa alhazai tuwo da miyar kuka. Shekara talatin da wani abu suka yi. A can mijin ya rasu, a can aka binne shi. Ta dawo ita kaɗai da ciwon gwiwa, ta gina ɗakuna uku a jikin katangata. Hausarta ma duk ta cakuɗe da Larabci, har mukan zolaye ta mu ce sai an nemo mana tafinta.

Kwanon wannan baiwar Allah na ja na jingina da katanga, na rufe da tsohuwar zana. Na ce wa kaina ai ba sata na yi ba, iska ce ta kawo. Har da cewa wataƙila Allah ne ya tanada mini! Kun ji yadda Shaiɗan yake sa mutum ya yi wa sata baftisma?

Washegari mai unguwa ya sa aka yi shela. Kun san yadda muke yi in iska ta yi ɓarna: duk abin da ya faɗa gidanka, ka kai filin makaranta, kowa ya zo ya gane nasa, sannan a haɗa gayya a bi gida-gida ana rufewa, a fara da tsofaffi da gwauraye. Musulmi da Kirista, babu wanda ya tsaya tambaya. Na ga mutane suna ɗauko kwano, ƙofofi, har da tukunyar wani da ta tsallaka gida huɗu. Ni ma na kai nawa kason: murfin tanki da wasu lanƙwasassun kwano biyu. Har mai unguwa yana sa mini albarka.

Sai ga Hajiya da sandarta. Tana bin tsibin kwano ɗaya bayan ɗaya, tana ɗagawa tana leƙawa. Ta iso wurina ta ce, “Baban Rahila, sannunku da wannan jarrabawa. Ya Maman Rahila? Don Allah ba ka ga nawa ba? Sun ce ta wajenku iska ta yi da su.”

Na dube ta ido cikin ido na ce, “Hajiya, ban gani ba. Ƙila sun yi rafi.”

Ta ce, “Ma'alesh, ba komai. Allah Karimu ne.” Ta juya tana ɗingishi.

Gidanta ne na farko a jerin gayya, amma da me za a rufe? 'Yan gayya suka shimfiɗa mata tamfol a kan katako, suka danne da duwatsu, suka wuce gida na gaba. Ita kuwa ba ta zauna ba. Ta hura wuta a tsakar gida, ta dafa wa masu aiki shinkafa da shayi mai na'ana'a. Da yamma ta aiko a ɗauko keken ɗinkin matata da buhun masararmu, ta ce a sa a ɗakinta ɗaya da ya tsira, kada ruwa ya taɓa. Na ci shinkafar nan, 'yan'uwa. Har ƙari na yi.

Ranar Asabar, gayya tana can ƙarshen layi, na ɗauko kafinta daga wata unguwa, wanda bai san kowa a nan ba. Ya ɗaga kwano ɗaya ya auna da katakon ɗakina, ya sauko ya ce, “Baba, waɗannan ba a kan ɗakin nan suke ba. Dubi hujin ƙusa. Wanda ya kafa su tazarar katakonsa daban, taka daban. In na buga sabuwar ƙusa, tsohon huji zai zauna a fili, ruwa zai bi.”

Na ce masa aiki na kira shi ko wa'azi? Ya buga, in ya so na liƙe da kwalta daga baya. Sai ya ɗauki guduma. Na sa aka juya koren ya kalli ciki, wai don kada a gane daga waje.

Ranar Lahadi na zo nan da farar rigata, na zauna a bencin can, har ni na yi addu'a domin waɗanda iska ta yi wa ɓarna. Wasunku sun ce amin da ƙarfi. Ku gafarce ni.

Ranar Talata da rana ruwa ya dawo, ba iska, ruwa ne kawai mai nauyi. Ban sami liƙe hujin ba. Ina zaune a bakin gado sai ɗigo ya sauka a wuyana, wani a gwiwata, wani a kan Littafi Mai Tsarki da ke kan tebur. Na ɗaga kai, ga su a jere, layi-layi, kowane huji yana zuba. Maman Rahila tana jera kwanukan abinci a ƙasa tana tarar ruwa, da ta gama ta miƙe ta nuna sama.

Ta ce, “Baban Rahila, shekara nawa muna kwana a ɗakin nan? Yaushe rufinmu ya zama kore?”

Na daka mata tsawa. Allah ya yafe mini, na ce ta yi harkar gabanta. Ta ɗauki mayafi ta fita cikin ruwan, ta nufi gidan Hajiya.

Da ta dawo idanunta sun yi ja. Ruwa ya taru a tamfol ɗin har ya yage, ya zube a ɗakin da Hajiya take ajiye akwatinta. Don ta ba kekenmu da masararmu wuri, ba ta matsar da akwatin zuwa ɗaki mai rufi ba. A ciki akwai hoton mijinta, guda ɗaya tak da take da shi, yana tsaye a ƙofar shagonsa. Ruwa ya wanke fuskar. Matata ta same ta zaune a jiƙe tana shafa takardar da gefen zanenta, tana tari.

Wayyo, 'yan'uwa! Kwano ana sayen wani. Fuskar mutumin da ke kwance a wata ƙasa, a ina za a samo?

Washegari da safe muka durƙusa yin addu'ar iyali kamar kullum. Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Ni da nake addu'a har ku gaji ku fara leƙen agogo! Na sake gwadawa, sai kuka ya ƙwace mini. Na kifa goshina a kan jiƙaƙƙiyar katifa na ce, “Yesu, ni ɓarawo ne. Na saci rufin gwauruwa, na yi mata ƙarya, na ci abincinta. Ba ni da ƙarfin fita in faɗa, kunya za ta kashe ni. In ba ka ɗaga ni ba, ba zan iya tashi ba.”

Ban ga wahayi ba, ban ji murya ba. Abin da na sani, tsoron mutane da ya danne ni kwana shida ya sauka daga ƙirjina, sai na ji na fi tsoron in ƙara kwana ɗaya a ƙarƙashin rufin nan. Matata ta dafa kafaɗata ta ce, “Tashi, ga tsani can.”

Halleluya!

Ina da shekara sittin da uku na hau kan ɗaki da guduma, rana tsaka, na fara zare ƙusa. Mutane suka taru. Wani ya ce, “Baba, lafiya? Kowa na rufewa kai kana yayewa?” Na ce daga sama, da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Ba nawa ba ne. Na Hajiya Zulai ne, ni na ɓoye.” Sai wani maƙwabcinmu mai gyaran rediyo ya tuɓe takalmi ya hawo, ya fara karɓa yana miƙa wa na ƙasa.

Muka jera su a ƙofar gidanta. Na durƙusa a gabanta a cikin taɓo, na faɗi duk abin da na yi.

Ta ce, “Na sani, Baban Rahila. Ranar Asabar ina tsakar gida na ga kafinta yana ɗaga su. Wallahi kwanona ko a cikin dubu zan gane shi.”

Na ce, “Hajiya, me ya hana ki magana?”

Ta ce, “In tara maka jama'a? Kai dattijo ne a wurin ibadarku, ga 'ya'ya, ga surukai. A Madina na ga yadda baƙo yake ji in an tozarta shi a gaban mutane. Na ce halas, shi ke nan, a bar shi da Allah.” Ta yi tari, ta goge ido. “Amma ka san abin da ya ƙona mini rai? Ni kaɗai ce, ɗaki ɗaya ya ishe ni. Da ka ƙwanƙwasa ƙofa ka tambaya, da na ba ka rabi.”

'Yan'uwa, da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Na roƙe ta gafara, ta ce ta yafe duniya da lahira. Maganar hoton kuwa, da na taɓo ta, sai ta ɗaga hannu ta ce kada in ƙara. Ban ƙara ba. Wannan ba ni da yadda zan gyara shi, kuma zan riƙa tunawa har in mutu.

A ranar 'yan gayya suka bar gidan da suke suka dawo kan nata. Saboda ni, kowane kwano yanzu huji biyu gare shi, nata da nawa. Na roƙa a bar mini wannan aikin. Kwana biyu na yi a kan rufinta da gwangwanin kwalta da tsumma, ina bin huji ɗaya-ɗaya ina liƙewa. Mai unguwa ya mayar da gidana na ƙarshe a jeri, kuma daidai ya yi. Na kuma gaya wa Fasto da dattawa, duk horon da ikilisiya ta ga ya dace, na karɓa da hannu biyu.

Ina gode wa Yesu da bai bar ni na yi nasara a ƙaryata ba. Ina gode masa domin matar da ya ba ni, da maƙwabciyar da ta rufa mini asiri ina tsaka da cutar ta. Duk wanda ke nan iska ta yaye masa ɗaki, yana ganin Allah ya manta da shi, don Allah kada ka bi hanyata. Ka dogara ga Ubangiji, ka buɗe baki ka ce wa maƙwabcinka kana cikin buƙata. Kunyar roƙo ba ta kai kunyar da na sha a kan tsanin nan ba.

Jiya an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya ɗauke na leƙa ta katanga na ce, “Hajiya, ya ɗaki?” Ta ce, “Ko ɗigo, Baban Rahila. Naku fa?” Na ce namu yana zuba, amma muna lafiya.

Kuma gaskiya na faɗa mata. Ku taya ni yi wa Ubangiji godiya, cikin sunan Yesu. Amin!