Malam Ya Kalli Rana Ta Cikin Rawani

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri. Ka gafarce ni da na dame ka, ba halina ba ne, tsoro ne ya sa. Ni ce Hajara, daga wani ƙauye kusa da Dungas.

Mun ji a rediyo masana sun ce za a yi husufin rana, kada kowa ya ɗaga ido. Ranar, da haske ya dusashe, ina tsakar gida ina istigfari, maigidana Malam ya dawo daga sallar husufi. Sai ya ninka bakin rawaninsa a fuska, ya tsaya yana kallon sama. Na ce, "Malam, an fa hana." Ya yi dariya ya ce, "Rawanin da ya tare ranar bazara shekara da shekaru, yau ɗan gutsurenta ne zai gagare shi?"

Tun washegari, duk abin da ya duba sai ya ga baƙin ɗigo a tsakiya. In ya buɗe Alƙur'ani, harafin da yake nema shi ke ɓacewa. Jiya na tarar da shi riƙe da alƙalami har tawada ta bushe, ga shi rubutun Alƙur'ani ne sana'arsa.

Yayarsa ta ce a ɗiga masa nonon mai jego a ido. Na roƙe ta ta dakata, amma gobe-jibi za a fi ƙarfina. Don Allah ka tambayar mana lokotoro, wato likita: ɗigon nan yana gushewa, ko mu kama hanyar gidan likita na Magariya? Ka amsa mana da wuri. Malam ya ce ba ruwansa, amma rediyon na gefensa.