Zuwansa Gida Ne Laifinsa

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, da fatan kina lafiya. Ni ce Rabi daga Gaya.

Maigidana yana aiki a Turai. Sau biyu yana miƙa takardunsa don a ba shi takardar zama ta dindindin, wadda da ita zai iya ɗaukata, sau biyu ana hana shi. Dalili ɗaya ne: wai ya daɗe a wajen ƙasarsu. Wajen ƙasar kuwa nan ne, ɗakina. Da farko ya zo rasuwar mahaifinsa, ya tsaya sai da aka yanke shinkafar gidansu a Tanda. Na biyu ya zo sunan ɗiyarmu, aka rufe iyaka ya maƙale. Lokacin ni murna nake, ina ganin kaina kamar matan littattafan soyayyar da nake karantawa. Ashe hatimin fasfonsa suke dubawa.

Yanzu an ce ya zauna can, kada ya motsa sai takardar ta fito. Inna, mahaifiyarsa, ba ta da lafiya. Ta karɓe salula daga hannuna ta ce masa, “Kai Sani, takardar ce za ta ɗauki gawata?” Ya ce ni zan yanke ko ya zo ko ya zauna.

Na karanta littattafai da yawa, ban taɓa ganin inda mace ta ce wa mijinta “kada ka zo” ba. Masu sauraro, me zan ce masa?

Ina gaida zaurenmu na masu karatu.