Naman 'Yar Mahauci

A kan benci, cikin sabuwar kasuwar unguwarmu a birnin Adelaide, wani tsoho ya zauna kusa da wata tsohuwa da bai sani ba.

"Baiwar Allah, wannan ma kasuwa ce? An rufe sama, ba iska sai sanyin na'ura! A da fili ne, shaguna a jere, ka ajiye motarka a ƙofar mahauci."

"Rana ta gasa ka, kwalta ta riƙe maka takalmi," in ji ta.

"Amma akwai mutunci! Duk yaron da ya shiga, mahauci sai ya ba shi yankan nama kyauta. Ni har na yi gemu 'yarsa Noelene ba ta daina miƙo mini ba. Sona take yi, kunya ta hana ni magana. Har yau ban yi aure ba."

Tsohuwar ta gyara tabarau, ta ƙare masa kallo.

"Kai ne mai zuwa da baƙin kare?"

"Ni ne! Ya aka yi kika sani?"

"Bawan Allah, ai karen nake miƙa wa, kai kake cafewa."

Can ya ce, "Amma dai kin tuna ni."

"Karen na tuna," in ji ta, tana janye jakarta daga tsakaninsu.