Alƙalin da Yake Ce Mini "Ke"

Mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Malam Bulus daga Samaru, tsohon malamin makaranta. A yi haƙuri da rubutun.

A da muna da ƙungiyar wasan kwaikwayo, muna wasa a filin firamare. Emeka, wani tela Inyamuri daga unguwar Muchia, shi yake ɗinka mana kaya. Wata rana zazzaɓi ya kwantar da mai fitowa a alƙali, sai muka naɗa wa Emeka rawani. Ni na fito a ɓarawo. Ya dube ni da gemuna, ya daka tsawa: "Ke! Me ya sa kika saci akuya?" Jama'a suka fashe da dariya, har mai jan labule ya faɗi zaune.

Tun daga ranar, ko a kasuwa muka haɗu sai ya ce, "Malam, kin tashi lafiya?"

Yanzu sauran duk sun rasu, ni kuma ƙafa ta ƙi. An ce Emeka ya bar Muchia. Don Allah, wanda ya san inda yake ya gaya masa ɓarauniyar akuya tana nan a Samaru, tana jiran alƙali.