Ganga ta Huɗu

Firmin: Alo, Oriane? Babanki ne.

Oriane: Na ga sunanka, Baba. Ina wuni?

Firmin: Lafiya lau. Ya Lille? Ya aikin kantin magani?

Oriane: Da godiya. Ya gida? Ya gwiwar?

Firmin: Tana nan yadda kika san ta. Ya mijinki?

Oriane: Bastien lafiyarsa lau. Ya gona?

Firmin: Inabi ya fara toho. Jiya muka tono ƙahonin da muka cika da kashin shanu muka binne don ya zama taki, na dama shi da ruwa na yayyafa wa gonar tudu. Ana ruwa wajenku?

Oriane: Kullum. Baba, maganarka na yankewa. Kana ina?

Firmin: Cikin kogon ajiya, wajen gangunan giya.

Oriane: Ka fito bakin ƙofa mana.

Firmin: Na fito. Kina ji? Dama ran Alhamis farin wata zai daidaita bisa lissafin da muke bi, ita ce ranar zuba giya a kwalba. Ta bara waccan.

Oriane: Wadda kuka yi da Mama.

Firmin: Ita. Ta ƙarshe da ta sa wa hannu.

Oriane: To, a zuba mana.

Firmin: Ganga shida ce, ta huɗun ce ake gardama a kanta. Wani mai ɗanɗano ya zo daga Paris, ya kurɓa, ya ce akwai ƙamshin baƙaƙen 'ya'yan itacen ceri da jiƙaƙƙiyar ƙasa, baurinta kuma mai laushi ne, ba ya kama harshe. Wai yanzu yarinya ce, sai ta shekara goma za ta buɗe, kuma za ta kai ashirin ba ta gaji ba. Shi kuwa maƙwabcinmu Gaspard da ya shinshina, cewa ya yi tsami ya fara shigarta, in na gauraya ta da sauran na kashe su duka.

Oriane: Gaspard ai ko ruwan rijiya ka ba shi sai ya ce da tsami. Kai me ka ji?

Firmin: Bakina ya tafi.

Oriane: Baƙi sun tafi? Waɗanne baƙi?

Firmin: Bakina, na ce. Harshena. Ba na jin ɗanɗanon komai, hancin ma haka.

Oriane: Tun yaushe?

Firmin: Tun ranar da muka binne mamanki. Da muka dawo gida kika ba ni kofi, na ji kamar ruwan zafi. Na ɗauka kwana biyu zai yi.

Oriane: Wata uku ke nan, Baba.

Firmin: Na je wajen likita a Saumur. Ya duba, ya ce bai ga komai ba. Ƙila ya dawo, ƙila ba zai dawo ba.

Oriane: To da mutumin Paris ɗin ya tambaye ka fa?

Firmin: Na kurɓa, na juya ta a baki, na tofar, na gyaɗa kai. Shekara arba'in ina yi, jiki ya iya shi kaɗai. Ya tafi yana yabona.

Oriane: Gaspard ya sani?

Firmin: Ba wanda ya sani. Ke ce kika gaji bakin mamanki. Ki zo ki kurɓa sau ɗaya, abin da kika ce shi zan yi.

Oriane: Ban taka gidan ba tun ranar.

Firmin: Na sani. Rigar aikinta na nan a rataye, in kina so in cire kafin ki zo.

Oriane: A'a, bar ta. Ba shi ne ba. Baba, ba na shan giya yanzu.

Firmin: Ba kya me? Ya yanke.

Oriane: Ciki gare ni. Wata huɗu.

Firmin: To.

Oriane: Kana ji na?

Firmin: Ina ji. Wata huɗu. Ashe tana da rai ya shiga.

Oriane: Ban sani ba a lokacin. Da na gaya mata.

Firmin: Oriane, na san murna ya kamata in yi. Ina ta laluben ta ban same ta ba tukuna. Kada ki ji haushina.

Oriane: Ni ma ban same ta ba. Bastien ne ke yi mana mu biyu, har ya sayi gado.

Firmin: Ba sai kin haɗiye ba, ai tofarwa ake yi. Mamanki da cikinki ta zaɓi gangunan shekarar da aka haife ki. Ta ce hancinta bai taɓa kaifi kamar lokacin ba.

Oriane: In na ce ta lalace fa?

Firmin: Sai in zubar.

Oriane: Ta Mama ce fa.

Firmin: Ita ma da zubarwa za ta yi.

Oriane: Akwai jirgin ƙasa ran Laraba da safe. Ban ce zan zo ba, sai na nemi izini wajen aiki. In na samu, wa zai ɗauko ni a tasha?

Firmin: Ni mana. Na ƙarfe nawa ne? Bari in shiga in ɗauko alƙalami, yana kan gan...

Oriane: Kada ka shiga kogon, Baba, zai yanke. Baba? Alo?